Matakan Kare Mota Mai Tudun Kaya Daga Karo da Gada, Tun Daga Wurin Lodi a Adar

Hanyoyin Adar ba sa koya wa direba duba sama. Daga mararrabar Tsarnawa zuwa Badagishiri, daga Tawa zuwa Tabalak da Abalak, gadojin da mota ke tararwa na ƙorama ne, ta bisansu ake bi. Abin da direba ke tsoro a nan rami ne, da yashi, da raƙumin da zai faɗo titi da daddare. Shi ya sa lodinmu ke tafiya sama ba mai tsawatawa: albasar Tamaske da Keita a buhunan da aka yi wa hula, harawa da kara da ake kaiwa arewa da bazara, katifu da babura da jarkoki a bisan motocin kasuwar Lahadi, kayan ƴan ci-rani a kan hanyar Agadas da Arlit, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 saboda yuraniyom.

Sai dai motar da aka yi wa lodi a Adar ba a Adar take sauke kaya ba. Yamai tana da gadojin sama na Mali Bero (2013), da na shataletalen Shahidai (2016), da na Diori Hamani (2018). Sakkwato tana da na Dandima da na Rijiyar Ɗorawa. Katsina ta haƙa hanyar ƙasa a Ƙofar Ƙaura. Kano kuwa ba a magana: Ƙofar Nasarawa, Gadar Lado, Kabuga, Ɗangi, Hotoro. Albasar da za ta Abijan ko Akara tana ratsa birane masu gadar jirgin ƙasa da gadar masu tafiya a ƙafa. Gada tana can nesa, amma ranar lodi ake ƙulla haɗarin, a bakin lambu ko a tasha. Ga yadda ake kauce masa.

Mataki na 1: Ka san tsayin motarka ba kaya

Ka sami wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, kamar daɓen gidan mai ko gefen kwalta, ba cikin rairayi ba. Iskar tayoyi ta zama daidai da yadda kake tafiya da ita. Ka ɗauki tef ɗin awo irin na magina ka auna abu biyu: daga ƙasa zuwa daɓen bodi, inda kaya ke zama, sannan daga ƙasa zuwa abin da ya fi komai bisa a jikin motar. Wannan na biyun ba lallai ya zama rufin kan mota ba. Yana iya zama ƙarafan da maƙeri ya ƙara wa bodi, ko bututun hayaƙi, ko tayar safaya da aka ɗaure a sama, ko keji na ɗaukar dabbobi.

Kada ka dogara da abin da ke rubuce a takardun mota. Yawancin manyan motocinmu sun sha gyara tun bayan isowarsu: an ƙara ganyen sifirin, an sauya girman taya, an ɗaga bodi. Kowane ɗaya yana ƙara santimita. Ka kuma tuna cewa mota ba kaya ta fi mota mai kaya miƙewa, domin nauyi ne ke danne sifirin. Tirelar da ta wuce ƙarƙashin wata gada da siminti na Malbaza tana iya gogarta a hanyar dawowa, bayan ta sauke.

Mataki na 2: Ku yanke iyakar lodi kafin a ɗora buhun farko

Nan ne rigimar take, kuma nan ne direba ya fi rauni, domin mai kaya yana lissafin buhu ne, ƴan lodi suna lissafin kuɗinsu a kan buhu, mai mota yana gida yana jiran balas. Kowa yana da riba a jere ɗaya na ƙari, direba kaɗai zai tsaya gaban jandarma in abu ya lalace.

Dokar tana bayan direba, in zai riƙe ta. Ƙasashen ƙungiyar UEMOA ta Yammacin Afirka, har da Nijar, sun amince da Doka mai lamba 14 a watan Disamba na 2005, wadda ta tsara girma da nauyin manyan motoci. Mutane sun fi saninta da batun nauyi, saboda ita ake ambata a wurin sikeli. Amma ta yi maganar tsayi ma: mita 4 daga ƙasa zuwa ƙololuwa, kaya da komai, faɗi kuma mita 2.55. Kowa ya san akwai lodin da ke wuce haka yana ratsa shingaye lafiya lau. Shinge na iya ɗaga maka ƙafa, kankaren gada ba ya yi.

Lissafin mai sauƙi ne. In daɓen bodinka yana mita 1.40 daga ƙasa, abin da ya rage maka na kaya mita 2.60 ne. Ka auna wannan a jikin ƙarfen bodi, ko a sandar da ka kafa a kusurwa, ka shafa jan fenti. Ka nuna wa shugaban ƴan lodi da mai kaya tun ba a fara ba, ka ce: "Alhaji, iyakarmu ke nan, abin da ya rage sai wata mota." Faɗin haka da safe ya fi sauƙi a kan a ce a sauke jere biyu bayan an ɗaure igiya.

Masu ɗaukar kwantena su lura sosai, domin kwantena iri biyu ce kuma ido ba ya saurin rarrabewa. Ta yau da kullum tsayinta mita 2.59, doguwar kuma mita 2.90. Ɗora ta farko a bodi mai mita 1.40, ka sami 3.99. Ɗora ta biyu, ka sami 4.30. Direba ɗaya, mota ɗaya, hanya ɗaya, amma gadar da ta bar shi jiya ba za ta bar shi yau ba.

Mataki na 3: Ka sake awo bayan an ɗaure tamfol

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sha'ani kima ba ta isa ba, domin tsakanin wucewa lafiya da kwashe rufi sau da yawa santimita 5 ce.

Ka yi sandar awo taka ta kanka. Ka sami gora busasshiya, ko katako biyu da aka haɗa, mai tsawon mita 4 da rabi. A samanta ka kafa wani guntun katako a gicciye, mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi, wanda za a iya zamewa sama da ƙasa. Daga mita 3 zuwa sama ka yi zane a kowace santimita 10, ka rubuta lamba. Karen mota ya tsayar da ita a miƙe a gefen mota, a sauko da gicciyen har ya taɓa ƙololuwar kaya, kai kuma ka karanta. A yi haka a gaba, a tsakiya, a baya, a ɗauki lamba mafi girma. Kada a yi sandar da bututun ƙarfe, kuma kada a ɗaga ta a inda wayar lantarki ta ratsa sama.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙarin da ke zuwa bayan an gama: buhun gawayin karen mota, babur ɗin wani ɗan unguwa, tunkiyar da aka ce a miƙa wa wani a Dosso. Duk abin da ya hau bayan awo ya rushe awon. A sake.

Sai maganar mutane. Mutumin da ke zaune a kan kaya yana ƙara wa mota kusan mita guda, kuma shi zai fara haɗuwa da gada, ko waya, ko reshen bedi. Motar shanu da masu rakiya ke zaune a ƙarafan sama, da motar kasuwa da aka jera fasinja a bisan buhuna, babu awon da zai sa su zama lafiya a birni mai gadoji. A sauko da su kafin shiga gari. In babu wurin da za su zauna a ƙasa, to tun farko bai kamata a ɗauke su ba.

Mataki na 4: Rubuta lambar inda idonka zai riƙa faɗawa

Takarda da biro, ko alli a jikin dashbod: "Yau 4.10". Direban da ya kwana biyu a hanya, ya tsaya a shinge goma, ba zai tuna abin da aka auna a Tamaske ba lokacin da allon gada ya ɓullo masa a Yamai. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Babu lokacin tunani, sai na kwatanta lamba da lamba.

In za ka shiga Najeriya, ka rubuta har da ƙafa, domin a bakin direbobi da makanikai a can da ƙafa ake yawan magana. Ƙafa ɗaya santimita 30 da rabi ce. Ƙafa 13 ita ce mita 3.96, ƙafa 14 mita 4.27, ƙafa 15 mita 4.57. In aka sauya direba a hanya, lambar tana cikin abin da za a miƙa masa tare da makulli da takardu.

Mataki na 5: Ka tambayi hanya kafin ka kama ta

Taswirar da ke cikin waya an yi ta ne domin ƙananan motoci. Tana neman maka hanya mafi kusa, ba ruwanta da abin da ke bisan motarka, kuma ita ce za ta jefa ka cikin hanyar ƙasa a tsakiyar Kano da sunan yanke. Wanda ya dawo daga can makon jiya ya fi ta amfani. Ka tambaye shi da lamba: "Kai nawa ne tsayinka da ka wuce?" Amsar "manyan motoci na bi" ba amsa ba ce.

Ka nemi sanin hanyar da aka ware wa manyan motoci a kowane birni, da lokutan da aka yarda su shiga. A Kano jami'an KAROTA ne ke kula da wannan, a manyan hanyoyin Najeriya kuma FRSC. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, direbobi da yawa da suka saba da hanyar Kwatano da Gaya sun koma bin ta Lome da Burkina, wato garuruwan da ba su san gadojinsu ba. Sabuwar hanya tana bukatar sabuwar tambaya, ko da shekarunka talatin a sitiyari.

Kayan da ya wuce ƙa'ida kuma ba ya rabuwa, kamar katafila a kan tirela, ko babbar taransifoma, ko tankin ruwa, wannan ba aikin dabara ba ne. Ana neman izinin musamman daga ma'aikatar sufuri, a bi hanyar da aka duba tun da farko, da motar rakiya a gaba.

Mataki na 6: Karanta allo, amma ka bar rata

Allon tsayi da'ira ce mai jan baki, da lamba a tsakiya, da ƙananan alamu baƙaƙe masu kusurwa uku, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, suna kallon juna. In alamun suna dama da hagu, faɗi ake nufi. A ƙasashe masu Faransanci za ka ga waƙafi a lambar, kamar 4,2 m, a Najeriya da Gana kuma ɗigo.

Shawarata ita ce ka bar ratar santimita 20 aƙalla tsakanin lambarka da ta allo, kuma ga dalilai. Allo yana faɗin abin da aka auna ranar da aka kafa shi. In aka sake shimfiɗa kwalta a kan tsohuwa, titi ya tashi, gada ba ta tashi ba, kuma ba kullum ake sauya allon ba. Yashin da ruwan damina ya tara a ƙarƙashin gada shi ma yana ɗaga titi. Mota kuma tana tsalle: rami ɗaya ko tudun rage gudu a bakin gada ya isa ya cilla bayan tirela sama. A hanyar ƙasa mai gangara da hawa akwai wani tarkon daban. Doguwar tirela ba ta bin lanƙwasar titi, kanta ya fara hawa alhali bayanta bai gama sauka ba, sai tsakiyarta ta yi bisa fiye da yadda aka auna ta a fili.

Haka nan ba kowace gada ce ke da tsayi ɗaya daga gefe zuwa gefe ba. A ranar 23 ga Mayu 2013, a jihar Washington ta Amurka, wata mota mai ɗauke da kaya mai tsayi ta bi layin gefe a gadar kogin Skagit, inda ƙarafan sama suka fi sauka ƙasa. Kayan ya doki ƙarfe, wani ɓangare na gadar ya rufta cikin kogi da motoci biyu. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Da ta bi layin tsakiya da ta wuce.

In babu allo gaba ɗaya, kada ka ɗauka gadar tana da tsayi. Ka ɗauka ba ka sani ba.

Mataki na 7: A bakin gadar da kake shakka

Ka rage gudu tun daga nesa, ka kunna fitilun gargaɗi, ka tsaya a gefe. Karen mota ya sauka da sandar awo ya gwada ƙarƙashin gadar, a layin da za ku bi. In akwai rata, ya koma gefe inda kake ganinsa a madubi kuma yake ganin saman kaya, ka shiga da giya ta ɗaya. Ba a hawa kan kaya domin a duba. In ratar ba ta isa ba, ka nemi ɗan sanda ya tsayar maka da motoci ka ja da baya. Za a yi maka oda, za a zage ka. Wannan duk ya fi araha.

Sace iskar taya dabara ce da ake yawan ambata a tasha. Santimita kaɗan take bayarwa, kuma tana lalata taya a ƙarƙashin nauyi. Ta fitar da motar da ta riga ta maƙale ce, ba ta shiga da gangan ba.

Direbobin tifa: bayan juye yashi ko tsakuwa, ka leƙa da idonka ka ga bodi ya zauna kafin ka hau titi. Tifar da ta manta bodinta a ɗage tana kai mita 6 ko fiye.

Mataki na 8: Abin da ke sama a cikin Tawa kanta

Ko ba ka taɓa fita jiha ba, akwai abin da lodinka zai iya kamawa: wayoyin NIGELEC da ke ratsa titunan unguwanni, rumfar gidan mai, ƙofar tasha, allunan talla, rassan itatuwa. Birnin ya sami sababbin tituna da fitilu lokacin bikin Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017, kuma tun daga nan gini bai tsaya ba, wayoyi na ta ƙaruwa. Waya tana saki da zafin rana, wadda ka wuce ƙarƙashinta da asuba tana iya sauka da azahar a watan Afrilu.

Al'adar nan ta a sa yaro ya hau kan kaya da sanda yana ɗaga waya mota na wucewa, a daina ta. Babbar waya ba sai an taɓa ta ba, wutarta na iya tsallakowa. In mota ta kama waya, kowa ya zauna inda yake, a hana jama'a matsowa, a kira NIGELEC su yanke wuta, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. In wuta ta tashi dole a fita, a yi tsalle da ƙafa biyu a haɗe, ba tare da taɓa mota da ƙasa a lokaci guda ba, sannan a ja ƙafa a hankali a yi nisa.

Mataki na 9: In an riga an yi karon

Ka tsaya. Kada ka ƙara wuta don ka fizge motar, kada kuma ka ja da baya kafin a duba abin da ke rataye a sama. A fara da masu rauni, a sa alama a baya, a kira ƴan sanda ko jandarma. Ko da kana ganin gogar kaɗan ce, ka faɗa. Kankaren da ya ɓare ya bar rodi a fili yana cin tsatsa a hankali, kuma dubban mutane za su ci gaba da bi ta kai. In gadar jirgin ƙasa ce, sanar da hukumar jirgin shi ne abu na farko, domin karo na iya karkatar da layin dogo. A Birtaniya, kamfanin Network Rail yana ƙirga irin wannan karo fiye da 1,500 a shekara, kuma lambar da za a kira tana manne a jikin gadojin.

Abin da ya rage wa hukuma da ƙungiyoyin direbobi

Gyaran gada kaɗai ba ya magance abin. A garin Durham na jihar Karolina ta Arewa akwai gadar jirgi da a da take da tsayin mita 3.56, wadda ta yi suna a duniya, saboda wani mai ofis a kusa ya kafa kyamara tun 2008 ya ɗauki karo fiye da 100. An sa alluna, an sa fitila mai gane doguwar mota ta ba ta jar wuta, a 2019 aka ɗaga gadar da santimita 20. Har bayan haka motoci sun ci gaba da barin rufinsu a wurin, domin direbobin ba su san tsayinsu ba.

Shingen ƙarfe da ake giciyewa kafin gada yana kare gada, amma yana iya kashe mutane. A ranar 6 ga Yuni 2019, wata bas da ta taso daga Oman ta doki irin wannan shinge a Dubai, mutum 17 suka rasu. Don haka in za a kafa shi, a fara da mai laushi tun daga nesa: sarƙoƙi ko filafilan roba masu lilo, waɗanda za su bugi kaya su yi ƙara ba tare da sun yanke komai ba, kamar yadda aka yi a 2016 a hanyoyin shiga gadar titin Montague mai mita 3 a Melbourne ta Ostareliya. A kafa shi kafin mararraba ta ƙarshe, inda direba ke da wurin kaucewa. A shafa masa fenti mai ƙyalli saboda dare da ƙurar hunturu. Kuma duk kamfanin da ya sake shimfiɗa kwalta, a sa sake awo da sauya allo cikin kwangilarsa.

Namu aikin a Adar ya fi wannan sauƙi. ANISER, mai kula da kiyaye haɗurran hanya, da CNUT, mai kula da masu safarar kaya, da ƙungiyoyin masu motoci da na ƴan albasa, za su iya haɗa takarda guda mai jerin gadoji da tsayinsu a hanyoyin Yamai, Sakkwato, Kano da bakin teku, a manna ta a kowace tasha, a riƙa gyara ta da labarin direbobin da suka dawo. Sarakunan tasha kuma, a Tawa da Tamaske da Keita da Badagishiri, ku kafa turaku biyu a ƙofar fita, ku rataya gora a gicciye a kan mita 4. Motar da ta taɓa gorar ta koma ta rage kaya kafin a ba ta takardar fita.